Firjin da Bai Kamata a Gyara Ba

Ranar wata Talata da hantsi Mai Firji ya gyara abin da ba a sa shi ba, kuma daga ranar rayuwarsa ta canza hanya.

Kiransa aka yi ya duba na'urar sanyaya ɗaki a hawa na biyu na wani bene, inda ake ɗaukar wasannin rediyo. Cikin minti ashirin ya gama. Yana tattara kayan aiki sai idonsa ya faɗa kan wani tsohon firji a lungun wani ɗan ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso. Robar ƙofar ta saki, tana reto. Akwai mutanen da ba sa iya wuce karkataccen hoto a bango ba su miƙar da shi ba. Shi nasa ciwon robar firji ne. Ya fizge tsohuwar, ta tsage biyu a hannunsa, ya jefa ta kwandon shara. Ya ciro sabuwa daga jaka ya saka, ya ɗiga mai a inda ƙofar ke juyawa. Ya buɗe, ya rufe. Tsit kake ji.

Ya tsaya yana goge hannu, yana jiran godiya.

Maimakon godiya, wata budurwa ce ta shigo, 'yar siririya, da faranti cike da tsakuwa a hannu ɗaya, tsohuwar laima a ɗaya, ga wasu manyan takalman maza rataye a wuyanta. Ta ajiye kayan ba ta ko dube shi ba, ta ja ƙofar firjin. Ta mayar. Ta sake ja. Sannan ta juyo a hankali.

"Wa ya taɓa mini ƙofa?"

"Ni ne, 'yar'uwa. Kyauta ma na yi. Robar ce ta saki, sanyi zai riƙa fita."

"Wane sanyi? Malam, ka ga an jona shi da wuta? Shekara biyu rabonsa da wuta!" Ta nuna shi da yatsa. "Wannan ba firji ba ne. Ƙofar Tasha ce."

Gaban Mai Firji ya faɗi, kuma yana da dalili.

Shekara goma sha biyu aka yi ana watsa wani wasa mai suna Ayarin Taurari, labarin jiragen da suka kwashe ragowar 'yan Adam suka nufi wata duniya. Da shi Mai Firji ya tashi a kunne. Da wasan ya ƙare, masu shi suka ga ba za su bar kunnuwan mutane su huce ba, suka tsiro da wani reshe, Waɗanda Aka Bari a Tasha, kan mutum huɗu da wani tsohon mutum-mutumi da ayarin ya manta a tashar shan mai tsakanin taurari. Masu sauraro suka rabu gida biyu. Wasu suka ce ya fi na asalin taɓa zuciya. Wasu suka ce zaman jira ne kawai da surutu, ba yaƙi, ba gudu, kashi talatin ana ta gyaran famfo. Akwai wani zaure a waya inda mutum ɗari huɗu ke wannan faɗa kullum, da himmar da yawancinsu ba su taɓa ba aikin da ke ciyar da su ba.

Mai kare sabon wasan ko ana ha-maza-ha-mata wani ne da ke kiran kansa Tsohon Matuƙi. Jagoran masu suka kuwa Kunnen Ƙarfe. Shi ya rubuta cewa muryar Kyaftin irin ta mai tallan man shafawa ce. Shi ya rubuta cewa duk wanda ke haɗa sautin wasan nan ya kamata ya ji kunya, domin ƙofar tashar sararin samaniya ba komai ba ce illa firji mai sakakkiyar roba.

Gaskiya ya faɗa. Ga firjin a gabansa, ga mai haɗa sautin tana shirin kuka, kuma shi Mai Firji shi ne Kunnen Ƙarfe.

"Jibi za mu ɗauki kashi na talatin da ɗaya," in ji ta. "Sau goma sha ɗaya ƙofar nan za ta buɗe."

"Ba ku da wanda kuka ɗauka a baya? Ku maimaita mana."

Ta yi masa kallon da ake yi wa wanda ya shiga ɗakin haihuwa da shawara.

"Ƙofar da aka buɗe cikin fushi daban take da wadda aka buɗe ana kuka. Da hannu nake yi, tare da 'yan wasa, kowace fita da irin tata. Idan darakta ya ji ƙofar nan ta mutu, aikina ya mutu."

Ya sosa ƙeya. Ya dubi kwandon shara, ya dubi rufi. Can ya ce, "Ina da matattun firji ashirin da uku a bayan shago. Kowanne da irin kukansa."

Washegari da safe ta zo, da makirfo a kan doguwar sanda da abin sauraro a kunne. A wurin aiki Mai Sauti ake ce mata, a gida kuwa Auta. Suka bi layin firjin nan ɗaya bayan ɗaya, shi yana buɗewa, ita tana lumshe ido tana yanke hukunci.

"Wannan kukan jaki ne. Wuce."

Ya wuce.

"Wannan ƙofar asibiti ce. Wannan kuma kakata ce in za ta tashi daga kujera."

"Allah ya ƙara wa kaka lafiya."

"Ba ruwanka da kakata. Buɗe na gaba."

A na goma sha bakwai ta ɗaga hannu. Ya kusa, amma lafiyarsa ta yi yawa. Sai Mai Firji ya durƙusa ya yi abin da bai taɓa yi ba tun yana almajirin sana'a: ya wanke man ƙofar da fetur har ƙarfen ya bushe, ya sa wuƙa yana sassauta robar kaɗan-kaɗan, ita tana cewa, "Ƙara. Ƙara kaɗan. Tsaya!" Ta cire abin sauraron ta ɗora masa a kunne, ta ja ƙofar. Ya ji hucin iska, sannan wani dogon nishi na ƙarfe. Ƙofar Tasha ce, ba shakka, wadda ya shafe wata takwas yana zagi. A bayan nishin kuma makirfon ya kamo wata 'yar dariya da ta kufce mata, ta shige masa kunne kai tsaye, kuma ba ta fita ba.

Ya kai firjin da kansa, ya hau da shi hawa biyu. Kafin ya sauko, hannunsa ya yi abin da ya saba: ya manna 'yar takardar shagonsa a gefe, mai ɗauke da lambar waya.

Ranar Alhamis da la'asar saƙo ya shigo.

"Mai Ɓarna, ƙofa ta buɗe sau goma sha ɗaya, darakta bai gane komai ba. Na yafe maka rabi."

Ya karanta sau huɗu kafin ya amsa. "Ragowar rabin fa, Mai Ƙofa?"

"Sai ka samo mini ƙarar tafiya a kan ƙanƙara, a duniyar da ba iska. Kafin mako mai zuwa."

"Ina da wani injin ƙanƙara da mai shi bai kankare ba tun bara. Ki zo da takalman nan naki."

Ta zo. Mako na gaba ma ta zo, neman ƙarar injin da ke gab da mutuwa. Na gaba da shi kuma ta zo ba ta ce ga abin da take nema ba, shi ma bai tambaya ba. Takan zauna a kan wani kifaffen bokiti tana kallonsa yana walda, tana gaya masa yadda ake yin ruwan sama da shinkafa a kan laima, da yadda mutum-mutumin wasan ke tafiya da cokali biyu a cikin gwangwani. Shi kuma ya koya mata gane ciwon inji daga gurnaninsa.

"Kai ma ashe mai sauraro ne," in ji ta wata rana.

"Injina kawai nake ji."

"Ƙarya kake. Jiya daga gaisuwa ka gane ban ci abinci ba."

"Ai ke ma in kin ji yunwa sautinki yakan sauka."

"Wato ni ma firji ce?"

"Irin wanda ba na bayarwa ko mai shi ya zo."

Ta jefe shi da tsumman goge hannu, amma har ta tafi murmushin bai bar fuskarta ba.

Abu ɗaya ne ke hana shi sakewa. Wani lokaci takan buɗe zauren nan ta karanto masa tsofaffin rubuce-rubucen Kunnen Ƙarfe da muryar izgili. "Ji mugu! Wai in ji kunya. Na tsani mutumin nan. Amma ka san abin haushin? Cikin mutum ɗari huɗu shi kaɗai ne ke jin abin da nake yi." Mai Firji sai ya duƙufa a kan wani kusa da ba ya bukatar ɗauri. Namiji yakan iya hawa bene da firji a bayansa, ya kasa ɗaga jimla guda.

A zaure kuwa Kunnen Ƙarfe ya yi laushi. Ya daina taɓa sauti sam. Magoya bayansa suka fara tambaya ko lafiya. Tsohon Matuƙi ya rubuta, "Da alama ƙarfen ya yi tsatsa. Allah ya ba da sauƙi."

Wanda ya tona asirin shi ne Kyaftin, wato ɗan wasan da ke yin muryar kyaftin ɗin tashar. Kyakkyawa ne, mai muryar da ke sa mata su rage gudun keken ɗinki in ya fara magana a rediyo, kuma ya daɗe yana zagaya Auta da wannan murya kamar mai yawo da turare. Maganar mai tallan man shafawa ta tsaya masa a maƙogwaro tun ranar da aka rubuta ta, har ya ajiye lambar wanda ya rubuta, don ko wata rana. Ranar ta zo yana jingine da firjin yana jiran a kira shi. Ya dubi 'yar takardar da ke gefe. Ya dubi wayarsa. Ya ɓare takardar, ya haɗa da wayar, ya miƙa wa Auta duka biyun.

Mai Firji yana tsakar cika wa wani firji iska saƙon ya shigo.

"Sannu, Kunnen Ƙarfe."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya rubuta mata abin da ya kusa shafi biyu. Amsarta ta zo bayan awa uku.

"Ba zagin ne ya dame ni ba. Kafin ka san ni ka yi shi. Wata uku ina karanta maka maganarka kana ɗaure kusa. Wannan ne."

Kwana tara bai ji ɗuriyarta ba. A kwanakin ya sa wa wani mutum ƙofar firji a juye, ya kuma manta gwangwanin iska a gidan wata mata. A rana ta goma ya rufe shago da azahar, ya ɗauki wani littafin rubutu mai baƙin bango da maiƙo a gefe, ya je ya zauna a matakalar benen har ta sauko.

"Ba na son jin komai," in ji ta.

"Ba magana na kawo ba. Karatu ne."

Ta karɓa don ta rabu da shi. Littafin da yake rubuta sukar wasan ne, tun kashi na ɗaya, kafin ya tura zaure. Amma zaure rabi kawai ya gani. A gefen kowane shafi akwai ƙananan rubutu da bai taɓa turawa ba. Kashi na sha biyu: ruwan nan shinkafa ce, amma wa ya yi tunanin rage ta daidai lokacin da yarinyar ta fara magana? Kashi na sha tara: bayan mutuwar likita an bar shiru na daƙiƙa huɗu, ko injin tasha an kashe. Wanda ya yi wannan ya san rashi. Kashi na ashirin da biyu: ƙofar ta buɗe a hankali yau, kamar mai jin nauyi. Firji ne, amma hannun da ke jan sa ba na wasa ba ne.

Ta karanta a tsaye, sannan ta zauna a matakala ta ci gaba.

"Me ya sa ba ka taɓa tura waɗannan ba?"

"Suka ta fi tara jama'a."

"Kai sakarai ne."

"Na yarda."

"Babban sakarai." Ta goge ido da bayan hannu. "Daƙiƙa huɗun nan sai da na yi faɗa da darakta a kansu. Ba wanda ya taɓa ambata su."

"Mai Ƙofa, aurenki nake so. Na gaji da jin ki ranar Alhamis kawai."

Ta rufe littafin ta rungume a ƙirji. Sannan ta fashe da wata irin dariya mai haɗe da tausayi.

"Ni na amince. Amma, Mai Ɓarna, ka san Tsohon Matuƙi?"

"Wannan tsoho mai taurin kan tsiya? Wanda—"

"Babana ne."

Da matakalar za ta buɗe ta haɗiye shi, da ya gode mata.

Baba tsohon ma'aikacin ɗakin karatu ne da ya yi ritaya. Matarsa ta rasu shekara tara da suka wuce, ta bar shi da littattafai, da Auta, da harshen da ba mai tausasa shi. Da aka kai masa maganar ya ce a'a, ya ci gaba da karatunsa. Kyaftin ya ji labari ya yi maza ya je gaisuwa, ya zuba murya har ta cika falo. Bayan ya tafi Baba ya ce, "Murya ce ta zo, mai ita bai iso ba tukuna." Shi ke nan an gama da Kyaftin. Amma hakan bai buɗe wa Mai Firji hanya ba. Sai da Goggo, ƙanwar Baba, ta zo ta zauna masa kwana uku.

"Yaya, yaron nan ba ya sha, ba ya caca, yana da sana'a. Laifinsa kawai ya ce wasan rediyo ba daɗi."

"Ya ce da gwiwa nake sauraro."

"To da me kake sauraro? Shekara nawa ina maka magana?"

A ƙarshe Baba ya ce ya zo ranar Asabar da la'asar, amma kada kowa ya ɗauka wani abu ne.

Mai Firji ya sa rigarsa mafi kyau, ya goge farce har ya ji zafi, maiƙon bai fita ba. Falon cike yake da littattafai har kusa da rufi. Ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya amsa a taƙaice, ya sa tabarau, ya ɗauko wata takarda.

"Uku ga watan biyu. 'Tsohon Matuƙi da gwiwa yake sauraro.' Sha tara ga wata. 'A taimaka a karɓe wayar tsohon nan a ba jikokinsa.' Ba ni da jikoki, samari. Kai ne ka zo neman hanyar samar da su." Ya juya takardar. "In ci gaba?"

"Baba, a yi mini afuwa. Ban san da wa nake magana ba."

"Wato da ba uban yarinyar ba ne, da ba laifi."

Mai Firji ya ce, "Da laifi, Baba. Rashin kunya ce, kuma na yi."

"To, mun gama da ladabi. Saura ilimi. Har yanzu kana kan bakanka cewa sabon wasan ya saɓa wa tsohon?"

A bakin ƙofar kicin Auta tana girgiza masa kai, tana roƙonsa da ido. Ya gan ta sarai. Amma akwai abin da mutum zai iya janyewa, akwai wanda in ya janye ba shi ba ne kuma.

"Baba, a kashi na arba'in na Ayari, tashar nan ta fashe. Mun ji da kunnenmu. Matuƙin jirgi na uku ya ce ba abin da ya rage sai ƙura. Ba yadda za a yi a ce mutum huɗu suna zaune a ciki suna gyaran famfo."

Baba ya cire tabarau ya ninke.

"Kashi na arba'in da ɗaya ne," in ji shi. "Kuma matuƙin jirgi na biyu ne ya faɗa. Amma ta fashe, haka ne. Tun ranar farko na sani."

"To, Baba, me ya sa—"

"'Yata ce ke buɗe ƙofar. Me kake so in rubuta?"

Goggo, da ke laɓe a bayan labule tun ɗazu, ta saki dariya ta toshe baki.

Sai a cikin shirun da ya biyo baya Mai Firji ya lura da abin da kunnensa ke ta ja masa riga a kai tun shigowarsa. A lungun falon, tsakanin kantocin littattafai biyu, akwai wani ɗan gajeren firji mai launin madara, yana wani gurnani mai taushi da 'yar rawa a ƙarshe. Ya san gurnanin nan. Shi ne ke gudana a ƙarƙashin kowane kashi na wasan, daga farko har ƙarshe.

"Injin Tasha," ya ce, bai san ya faɗa da ƙarfi ba.

Baba ya dube shi, a karo na farko ba da kallon alƙali ba.

"Mahaifiyarta ce ta zaɓe shi shekarar da muka yi aure. A kujerar can take zama ta saurari Ayari, wannan yana yi mata rakiya. Ba ta kai ƙarshen wasan ba. Tun da ta tafi ban bar kowa ya sa masa hannu ba. Ƙarar da ta ji ita nake ji." Ya yi gyaran murya, kamar ya ji haushin kansa. "An ce kai gwani ne, kuma an ce ba ka iya ganin abu ka ƙyale. Duba mini shi. Ka gaya mini gaskiya, me ke damunsa?"

Mai Firji ya tashi. Ya durƙusa a gefen firjin, ya kara kunne. Ya leƙa bayansa da fitilar waya. Ya daɗe a nan, fiye da yadda duba ke bukata, domin ya ga wani abu, kuma bakinsa har ya buɗe zai faɗa. Sai ya ji kofuna suna karo da juna. Auta ce tsaye da farantin shayi, idonta a kansa.

Ya kashe fitilar. Ya miƙe ya kaɗe gwiwa.

"Baba, wannan ba na gyara ba ne. Yadda yake haka ya kamata ya zauna. Ko an kira ni ba zan taɓa shi ba."

Baba ya miƙa hannu ya ɗauki kofin shayi.

"Ka turo manyanka," in ji shi. "Kuma ka koma zaure. Tun da ka yi laushi ba ni da abokin faɗa, sai yara masu cewa komai ya yi daɗi."

Goggo ta fito daga bayan labule tana tafi, ta manta wai ba ta nan.

Da yamma, yana kan hanyar gida, saƙo ya shigo.

"Mai Ɓarna, na yafe maka ragowar rabin."

"Sai yanzu? Ƙanƙarar da na kankare fa?"

"Wannan kafin alƙawari ne. Yanzu sabon lissafi. Ka shirya, gidanmu ba za a sa wa ƙofa mai ba."

"Ko ɗigo, Mai Ƙofata."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure, ranar da gari ya yi haske kamar an wanke shi. 'Yan zaure sama da sittin suka zo, mutanen da suka shekara suna zagin juna ba su taɓa ganin fuskar juna ba. Aka gano cewa mai kiran kansa Sarkin Yaƙin Taurari wani ɗan tela ne mai sanyin murya, wadda ta fi kowa zafi kuwa malamar jinya ce mai 'ya'ya biyar. Kafin a kawo abinci sun rabu gida biyu a ƙarƙashin rumfa, ana ta musu ko mutum-mutumin zai iya yin ƙarya. Darakta ya zo, ya ji labarin firji na goma sha bakwai a karon farko, ya riƙe kai. Kyaftin ma ya zo, kuma da aka rasa mai sanarwa shi ya karɓi makirfo, ya yi abin da aka halicce shi dominsa. Goggo ta yi kuka, ta yi rawa, ta sake yin kuka.

Da za a tafi da amarya, Baba ya riƙe hannunta ya sa a na mijinta. Mutumin da ya karanta littafi dubu ya nemi kalma ya rasa. Daga ƙarshe ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku tsawon kwana tare, ku kai ƙarshen wasan ku biyu." Jama'a suka ce amin, ba kowa ne ya san nauyin abin da ya roƙa ba.

Allah ya karɓa. Suka zauna lafiya a wani ɗan gida mai ƙofofi masu kuka, suka ba Baba jikokin da za su karɓe masa waya. Kunnen Ƙarfe da Tsohon Matuƙi suka ci gaba da fafatawa duk Alhamis, a zaure da kuma a falo, har wasan ya ƙare aka tsiro da reshen reshe, suka haɗu suka tsane shi tare. A tsawon shekarun nan ba abin da Mai Firji ya ji a ransa bai faɗa wa surukinsa ba, mai daɗi da marar daɗi, sai abu ɗaya. Injin da ke bayan ɗan firjin nan mai launin madara ba na asali ba ne. A ranar da ya leƙa, bai wuce shekara huɗu da sakawa ba, kuma ya gane hannun da ya bi shi da baƙin fenti da ƙura don ya yi kama da tsoho: hannun Auta ne.